Yadda ake ɗawafi, ga maniyyatan Yamai

Alhaji, Hajiya, fara da alwala, ɗawafi ba ya inganta sai da tsarki.

Ka tsaya daidai Hajarul Aswad, baƙin dutsen da ke kusurwar Ka'aba, ka yi kabbara, Ka'aba na hagunka. Kada ka kutsa don sumbatar dutsen. Cutar da tsohuwa a cunkoso ya fi barin sumba muni. Nuni daga nesa ya isa.

Zagaye 7 ne, kuma ta bayan Hijir Isma'il, gajeriyar katangar da ke gefen Ka'aba, ba ta cikinsa ba, don yankin Ɗakin ne. Tsakanin Rukunul Yamani, kusurwar da ke kafin ta dutsen, da dutsen, karanta "Rabbana atina". Sauran addu'a yi ta da Hausarka ko Zabarmanci, Mai Ɗakin na ji.

Sannan raka'a 2 a bayan Maƙamu Ibrahim, dutsen da Annabi Ibrahim ya taka, ka sha zamzam.