Yadda za ka gane wace shadow Bature yake nufi

Ƙanina ne ya rubuta a takardar Turanci wai sun zauna in the shadow of a tree suna cin gyaɗa, malami ya sa jan biro ya soke shadow ya rubuta shade, yaro ya dawo gida yana ta mita wai ai ƙamus ne ya ce masa shadow ita ce inuwa. To ƙamus bai yi ƙarya ba, mu ne kalma ɗaya ta ishe mu, su kuma Turawa biyu gare su, sannan ita shadow ɗin sun ɗora mata kaya iri iri da inuwarmu ba ta ɗauka.

Ka fara da raba shade da shadow. In wuri ne za ka shimfiɗa tabarma ka huta daga rana, gindin darbejiya ko rumfar mai shayi, shade ce, kuma ba a ƙirga ta. In kuwa sura ce baƙa mai siffa wadda za ka iya ɗaukar tsinke ka zana gefenta a ƙasa, taka ko ta jaki ko ta sanda, wannan shadow ce, ana cewa a shadow, ana cewa two shadows. Wadda ake dubawa a gane la'asar ta yi, idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ita ce shadow. Abin dariya ma asalinsu ɗaya ne, a tsohon Turanci kalmar sceadu ce, wani juyinta kuma sceadwe, daga baya kowacce ta kama gabanta. Wajen faɗa kuma sha-do kawai, ka danne gaɓar farko.

Na biyu, kuma nan ne aka fi yin kwaɓa, ka cire wa shadow daɗin nan da muke ji a inuwa. Mu mutanen rana ne, inuwa a wajenmu rahama ce, har suna muke sawa, Malam Inuwa, kuma in aka ce wane inuwar giginya ne ai zargi ne, na nesa ke shan alherinsa na gida bai samu ba. Shi kuwa mutumin Ingila neman rana yake yi, to shadow a bakinsa ta fi karkata ga duhu da tsoro da abin da ya tokare haske. Shi ya sa idan ɗan jarida ya ce wane ya tsaya takara a ƙarƙashin inuwar jam'iyya kaza, kar ka kuskura ka fassara da under the shadow of the party, wallahi ma'anar juyewa take yi, kamar ka ce jam'iyyar barazana take masa. On the platform of ake cewa a jaridun Najeriya. Amma under the shadow of war daidai ne, wato ana zaune cikin fargabar yaƙi. Haka idan ka ji he lives in his father's shadow, ba wai yana shan daɗi a gindin ubansa ba ne, a'a, sunan uban ne ya danne shi, duk abin da ya yi sai a ce ai ɗan wane ne. Cast a shadow over kuma wani abu ne ya rage wa taro armashi, kamar a yi rasuwa ana saura kwana biyu biki. A shadow of his former self mutum ne ya lalace kamar ba shi ba, ko ciwo ko karayar arziki, ana faɗa wa ƙungiyar ƙwallo ma. Beyond a shadow of a doubt, ba ko tantama. Ita ce kaɗai a cikinsu da ba ta da baƙin ciki.

Sai ka duba ko aikatau ce. Idan ka ga to shadow, ko shadowed, ko shadowing, manta da duhu, ka tuna yadda inuwarka take bin ka sau da ƙafa. Ɗan sanda zai iya shadowing wanda ake zargi, wato bibiyarsa a ɓoye. Sabon ma'aikaci kuma a ce masa you'll shadow the manager this week, babu ɓoyo a nan, bin oga zai yi yana kallon yadda ake aiki, kamar yaron bakanike a satin farko da ba a ba shi sufana ba tukuna. Masu koyon yare ma suna da shadowing, kuma ni dai na ga amfaninta: ka samu muryar mai labarai ta kamar sakan 30, ka saurara sau biyu, a na uku ka riƙa maimaitawa kana biye da shi daf da daf ba tare da ka tsayar da sautin ba, ka kwaikwayi har inda yake ɗaga murya. Da farko za ka ji kamar mahaukaci, ka daure.

Daga wannan bin ne shadow cabinet ta fito. A Birtaniya babbar jam'iyyar adawa tana ware mutum ɗaya ɗaya ya sa wa kowane minista ido, yana ƙalubalantarsa a majalisa, kuma a fili ake yi. Rachel Reeves ta riƙe Shadow Chancellor, wato mai sa wa ministan kuɗi ido, daga 2021, da jam'iyyarta ta Labour ta ci zaɓe a 2024 sai ta zama ministar kuɗi ta gaske, mace ta farko a kujerar. Saboda haka fassara shadow cabinet da majalisar ɓoye kuskure ne, majalisar ministocin 'yan adawa ta fi. Mu tsarin shugaban ƙasa muke bi ba na firaminista ba, shi ya sa da Farfesa Pat Utomi ya ce ya kafa shadow government a 2025 abin ya zo wa mutane banbarakwai, har DSS ta kai shi kotu.

Amma fa ka yi hattara, sau da yawa idan shadow ta zo gaban wani suna to ɓoyon ake nufi. Shadow economy kasuwanci ne da ba ya shiga lissafin gwamnati. Shadow banking kamfanoni ne masu ba da bashi kamar banki alhali dokar banki ba ta hau kansu sosai ba, masanin tattalin arziki Paul McCulley ne ya raɗa sunan a 2007. Shadow fleet tsofaffin jiragen ruwa ne masu dakon man Rasha don kauce wa takunkumi tun bayan 2022. Sai shadow ban, wadda duk mai TikTok ke kuka da ita, ba a rufe maka shafi ba, kana ta ɗora bidiyo amma an rage masu gani ba a gaya maka ba.

Sauran ƙanana ne, haddacewa kawai za ka yi. Eye shadow kwalliyar saman ido ce, ba kwalli ba. Five o'clock shadow ɗan tsiron gemu ne da ke fitowa da yamma bayan askin safe. Shadow boxing ɗan dambe ne yake naushin iska don atisaye, ana kuma aro ta ga 'yan siyasa masu faɗan da ba na gaske ba. Drop shadow inuwa ce da ake sawa a bayan rubutu ko hoto, masu zane a Canva da CorelDRAW sun san ta. In kuma likita ya ɗaga hoton ƙirji ya ce there's a shadow on the lung, tabo ya gani a huhu, ba sunan cuta ba ne, kar ka tashi daga kujerar sai ka tambaye shi wane gwaji ne za a yi na gaba.