Abin da Za Ka Duba Idan Kat-kat Ta Ƙi Shiga Ƙaramin Giya

Direban kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, da ke bin hanyoyin yashi na arewacin Tahoua, wajen Abalak da Cintabaraden, ko mai hawan duwatsun Adar wajen Keita da Bouza, ya san ranar ƙaramin giya, wanda ake rubuta wa 4L ko L4. Shi ne ke rage gudu ya ninka ƙarfin da ke isa ga tayoyi kusan sau biyu da rabi a motoci irin su Hilux. Idan ya ƙi shiga, akasarin direbobi sukan yanke cewa akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya lalace, alhali sau da yawa matsalar ba ta kai can ba.

Ka fara da yadda kake sa shi. Ƙaramin giya ba ya shiga mota tana gudu; sai ta tsaya cak, ka taka kuloci har ƙasa, in kuma otomatik ce ka mayar da ita N kana riƙe da birki. Haƙoran da ke ciki sukan haɗu kai da kai, sai sandar da ake sa giyar da ita ta cije, kuma a nan ne wasu ke dannawa da iya ƙarfinsu har su lanƙwasa abin da lafiyarsa ƙalau. Ka mayar da sandar inda take, ka bar motar ta ɗan motsa kamar taku ɗaya, sannan ka tsaya ka sake gwadawa.

Idan har yanzu ta cije, ka tuna inda ka biyo. Wanda ya fito daga yashi ya hau kwaltar Tahoua zuwa Agadez bai cire 4H ba, wato babban giya mai ja da tayoyi huɗu, ya ɗaure motarsa da kansa, domin tayoyin gaba da na baya ba sa cin tazara ɗaya idan ana shan kwana, kwalta kuma ba ta barin taya ta zame ta sauke nauyin. Maganinsa shi ne ka miƙe sitiyari, ka ja da baya mita kaɗan, in da hali a kan ƙasa mai laushi. Tayoyin da girmansu ko iskarsu suka bambanta su ma suna jawo haka, abin da ake yawan gani a wurin masu sayen taya ɗaya-ɗaya.

Hilux da aka fara fitarwa daga 2015 da maɓalli ake juya ta, ƙaramin injin lantarki ne ke tura giyar. Fitilar 4L da ke ta ƙiftawa tana nufin an ba da umarni amma aikin bai kammala ba. Ka sa yaron mota ya tsuguna a gefe, ba a ƙarƙashi ba, ya saurara yayin da kake juya maɓallin. Idan shiru ne, a duba fiyus da ƙarfin batir da mahaɗar wayoyin da ke jikin akwatin, wadda laka da tsatsa ke cikawa bayan an tsallake koramu da damina. Idan kuwa ana jin kukansa amma giya ba ta shiga, ƙaramin injin ne ya maƙale, kuma wannan aikin ƙwararren bakanike ne, saboda a wasu samfurori sai an buɗe akwatin kafin a ciro shi.

Akwai kuma motar da ke shiga 4L amma gaba ba ya ja. A Land Cruiser da tsofaffin Hilux masu makulli a cibiyar tayoyin gaba, ka sauka ka tabbatar duka biyun suna kan LOCK, domin idan aka bar su a FREE ƙarfin duka a kan tayoyin baya yake sauka. Wadda take shiga sannan ta fice da kanta a kan gargada, a duba robobin da ke riƙe da inji da akwatin giya, da kuma sandar ko ta yi lako-lako.

Man akwatin da ke raba ƙarfi daban yake da na giya, kuma ana yawan mantawa da shi a garaji. A buɗe murfin da ake zuba shi, mota tana tsaye a wuri mai daidai; ya kamata ya kai bakin ramin, idan kuma ya yi fari kamar madara to ruwa ya shiga, sai a juye a zuba irin wanda littafin motar ya ambata. Toyota tana ba da shawarar a yi aƙalla kilomita 16 a kat-kat kowane wata domin mai ya zaga kayan gaba, saboda haka motar da ke yini a kwaltar Yamai a riƙa fitar da ita kan hanyar ƙasa, a sa 4H da 4L a cire.