Kurakuran da masu baburan tsere suka fi yi: ruwan lagireto, fenti da ajiyar hunturu

A filayen tsere na Ingila irin su Donington Park da Brands Hatch, kakar gasa takan fara wajen Maris ko Afrilu, ta ƙare a Oktoba. Daga nan sai babur ya shiga gareji ya yi watanni a ajiye cikin tsananin sanyi. Ɓarna mai yawa a wannan zaman take faruwa, domin shirin da ya dace da babur a kan fili shi ne yake iya kashe shi a gareji idan ba a sauya ba.

Ruwan lagireto

Babur ɗin titi yana fitowa daga kamfani da ruwan sanyaya inji mai sinadarin gilaikol, wanda ke hana ruwa daskarewa. Akasarin masu shirya gasa sun haramta shi, saboda idan tiyo ya fashe ko babur ya faɗi, gilaikol yana malala a kwalta da santsi kamar ruwan kuɓewa, ba ya saurin bushewa, kuma duk wanda ya biyo baya yana iya kifewa. Don haka ake zuba zallan ruwa da ɗan ƙari irin Water Wetter ko MoCool, masu hana tsatsa da taimaka wa ruwa kwashe zafi.

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa wannan ƙarin yana hana daskarewa. Ba ya hanawa ko kaɗan. Ruwan zai zama ƙanƙara a digiri 0, kuma idan ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ba shi da wurin zuwa, sai ya tsaga siraran bututun lagireto, ko murfin famfon ruwa, wani lokaci har kan inji. Mai babur ba zai sani ba sai ranar da ya tayar da shi, ya ga ruwa na ɗiga, ko ya leƙa tagar bakin mai ya ga ya koma ruwan madara. Dare ɗaya ya isa. Har babur ɗin da aka ɗora a tirela tun yamma don a yi sammako a watan Maris yana cikin wannan haɗari.

Wasu sukan kwance noti su zubar da ruwan su bar babur haka. Wannan ma ba ya wadatarwa, domin ruwa yana maƙalewa a lungunan inji da gindin famfo, kuma cikin da aka bari da danshi da iska yana saurin ci. Abin da ya dace shi ne, da an gama tseren ƙarshe, a bar inji ya huce sarai, a buɗe murfin lagireto, a kwance notin zubarwa da ke jikin famfon ruwa, a juye ƙaramin tankin rara shi ma. Sannan a zuba haɗin gilaikol da tataccen ruwa rabi da rabi, wanda ke kare inji har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Babur mai inji cc 600 zuwa 1000 yakan sha tsakanin lita 2 zuwa 3. A tayar da shi har ya yi zafi sosai, don bawul ɗin da ke tsare ruwa ya buɗe, haɗin ya zaga ko'ina. Wanda ya zuba bai tayar ba, ya kare lagireto ne kawai, ragowar tsohon ruwan na nan a cikin inji. A rubuta a salatif a manna kan tanki cewa gilaikol ne a ciki, don kada a manta a tafi da shi fili.

Idan kakar gasa ta zagayo, sai a yi akasin haka, kuma a nan gaggawa ke cutarwa. Zubarwa sau ɗaya ba ta fitar da gilaikol. A cika da ruwa, a tayar, a bari ya huce, a zubar, a maimaita sau uku ko huɗu har sai abin da ke fita ya zama garau, ba launi ba santsi a yatsa. Masu duba babura kafin gasa sukan buɗe murfi su leƙa, kuma za su iya mayar da kai. Kada a yi amfani da ruwan famfo, gishirinsa yana taruwa ya toshe bututu. Tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ba mai asid ba. Ƙarin kuwa a bi ma'aunin jikin kwalba, yawanci mililita 30 zuwa 50 ne a kowace lita. A zuba a hankali, a riƙa matsa tiyo ana karkata babur hagu da dama don iska ta fita, domin iskar da ta maƙale tana sa inji ya tafasa a zagaye na biyu ko na uku. Tsohon gilaikol guba ne mai zaƙi, karnuka da kyanwoyi na lasa su mutu, don haka a rufe shi a jarka a kai wurin da ake karɓa.

Fentin jiki

Jikin babur ɗin tsere na faiba ne, ana sayo shi babu ramukan kusoshi, kuma da wuya ya zauna daidai a karon farko. Mutane sukan ɗoki fenti, su fesa, sannan su zo ɗaurawa su ga sai an huda an kankare baki, sabon fenti ya ɓantare. A fara ɗaura jikin duka a kan babur, a huda, a gyara bakuna, a juya kai hagu da dama a tabbatar hannun birki ba ya taɓa komai, sannan a sauke a shiga fenti.

Faiba yana zuwa da kakin da aka shafa don ya saki daga mazubi. Wanda ya fara da samfefa yana cusa kakin ne cikin jiki, daga baya fenti ya riƙa buɗewa ƙananan idanu ko ya saɓule. A wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a goge da maganin cire maiƙo, sannan samfefa mai lamba 320 ko 400. A haska fitila daga gefe a nemi ƙananan ramuka kamar na bakin allura, a cike su kafin fentin shimfiɗa. Bayan ya bushe a bi shi da lamba 600 da ruwa. Launi kuwa siriri-siriri sau biyu ko uku, da tazarar minti 10 zuwa 15.

Gwangwanin fesawa na yau da kullum ba ya jure fetur. Ɗigo kaɗan wajen cika tanki sai ya narke ya bar tabo. A rufe da fenti marar launi mai sheƙi wanda ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa, wanda ake kira 2K. Wannan yana ɗauke da guba mai illa ga huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta, sai takunkumin masu fenti na gaske da wuri mai iska. Mutane sun fi yin fenti da hunturu saboda lokacin ne babu gasa, alhali a garejin da bai kai digiri 15 ba fenti ba ya ƙanƙara da kyau, yana zuba ko ya dushe. A ɗumama ɗakin zuwa wajen digiri 20. Lambobi da sitika su jira mako ɗaya ko biyu, in ba haka ba tururin da ke fita zai kumbura su. Cikin kaskon da ke ƙarƙashin inji a manna takardar kare zafi inda salansa ke wucewa, kuma kada a bar shi da tsaga, tunda aikinsa tare mai ne idan inji ya fashe.

Sauran abubuwan ajiya

A canza bakin mai kafin ajiya, don tsohon yana ɗauke da datti da danshi. Bayan haka a ɗaure notin mai da murfi da matata da sabuwar waya mai kaurin milimita 0.8, ta riƙa jan noti zuwa wajen ɗaurewa. Wayar da aka ɗaura a juye ko ta yi sako-sako ba ta tsare komai. Tayoyin tsere suna iya tsagewa a sanyin ƙanƙara, a cire su a kai cikin gida, babur ya zauna a kan matokara. Man birki DOT 4 yana shan danshi, don haka a canza shi dab da fara kakar gasa, kada a gauraya shi da DOT 5, kuma a rufe sabon fenti da tsumma lokacin aikin domin yana cin sa. Batirin litiyam kuwa kada a yi masa caji alhali yana ƙasa da digiri 0.