Babi na 6: Kai Yara Makaranta Lafiya, Su Dawo Lafiya

Darasi na 1: Hagu da dama

Ɗaga hannun da kake cin tuwo da shi. Wannan shi ne dama. Ɗayan, wanda kake tsarki da shi, shi ne hagu. Rubuta su a littafinka: da-ma, ha-gu. In ka rikice kada ka ji kunya. A ajinmu na dare na ga dattijo mai jikoki, an ce ɗaga hagu, ya tsaya yana kallon hannayensa biyu. Kafin sati ya zagayo shi ke gyara wa na kusa da shi.

Tun canjin hannu na shekarar 1972, motoci a Najeriya ta dama suke bi. To in yaro ya tsaya a bakin kwalta, motar da za ta fara cim masa daga hagunsa take tahowa. Shi ya sa ake fara duban hagu.

Ga yadda za ka koya masa. Ya tsaya cak. Ya dubi hagu. Ya dubi dama. Ya sake duban hagu. In ba komai, ya tsallaka da tafiya, ban da gudu.

Mu maimaita, don a nan kowa ke faɗuwa: hagu, dama, HAGU kuma. Na ukun nan ake mantawa. Kafin yaro ya gama duban dama, babur ya ɓullo ta hagu. Ke uwa, ki ja layi biyu da toka a tsakar gida, ki ce masa wannan ne titi. Ki ɗaura masa zare a wuyan hannun hagu, ki ce, "Ɗan nan, wajen zare za ka fara dubawa, wajen zare za ka ƙare." Ya yi sau goma. Gobe ma haka. Hagu, dama, hagu. Da kyau, kuna ƙoƙari.

Amma iyaye, ku ji tsoron Allah. Ranar kasuwa, a titin Kano zuwa Haɗeja, tirela da tifa suna ta wucewa, sai a sa 'yar shekara bakwai ta ja ƙaninta su tsallaka, uban yana zaune a majalisa yana shan shayi. Ita ma ai riƙe ta ya kamata a yi. Tashi ka tsallakar da su. Minti nawa ne?

Darasi na 2: Gefen titi

Yara su bi gefen da za su riƙa fuskantar motar da ke tahowa, wato gefen hagu, a jere ɗaya bayan ɗaya. Da sanyin hunturu, in hazo ya sauka, direba ba ya hango su da wuri, sai su ƙara matsawa ƙasa.

Darasi na 3: Babur da ruwa

Kada a loda yara huɗu a kan acaɓa ɗaya. Da damina, in rafi ya kawo, a haƙura da makaranta ran nan. Kwalekwalen da ya cika kuma a jira na gaba.

Darasi na 4: Baƙo

Su tafi tare, su dawo tare. Kada su hau abin hawan wanda ba su sani ba, ko ya ce babansu ne ya aiko shi.

Aikin gida: rubuta 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, sau biyar.