Yadda Ake Shan Maganin Tsargiya

Duk wanda ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, musamman yaron da ke wanka a kududdufi ko manomin rani da ke yini cikin ruwan fadama, ya fara da zuwa asibiti a gwada fitsarin, domin ba kowane fitsarin jini ba ne tsargiya. Idan an ga ƙwayayen tsutsar da ke kawo tsargiya a cikin fitsarin, maganin da ake bayarwa shi ne praziquantel.

Nauyin jiki ake bi wajen awo, miligiram 40 ga kowane kilo ɗaya, kuma kowace ƙwaya tana da miligiram 600. Ke nan yaro mai kilo 30 ƙwaya 2 zai sha, a lokaci guda. A makarantu, inda ba a cika samun sikeli ba, ma'aikatan lafiya kan auna tsayin yara da sanda mai alamomi.

A ci abinci sosai tukuna, sannan a haɗiye maganin da ruwa ba tare da an tauna ba, saboda ɗacinsa kan tayar da amai. Jiri, ciwon ciki ko kasala kan biyo baya, amma galibi sukan wuce a ranar. Mai juna biyu, mai farfaɗiya da mai shan rifampicin na tarin fuka su sanar da likita tun farko.

Maganin ba ya kashe tsutsotsin da ba su balaga ba, don haka likita kan sa a maimaita bayan wasu makonni. Ba ya kuma hana sake kamuwa muddin ana komawa ruwan da dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar ke ciki.