Yadda Za Ka Koma Wa Shenmue a Yau Ka Kuma Same Shi da Daɗinsa

Duk wanda ya taɓa riƙe hannun na'urar Dreamcast ya bi Ryo Hazuki cikin lungunan garin Yokosuka na Japan, da wuya kewar wasan bidiyon Shenmue ta sake shi, ko da kuwa ya buga wasanni masu yawa bayansa waɗanda suka fi shi kyan hoto da sauri. Kamfanin Sega ne ya fitar da shi a Japan ranar 29 ga Disamba, 1999, a ƙarƙashin jagorancin Yu Suzuki, wanda ya ƙirƙiro Virtua Fighter, kuma tun farko an soma gina shi ne a kan na'urar Saturn a matsayin dogon labarin Akira, gwarzon wancan wasan na faɗa. Daga nan ya gaji salon naushi da shuri da kayarwa. Suzuki ya ce an kashe dala miliyan 47 wajen aikinsa, kuɗin da cinikin kwafi miliyan 1.2 bai iya mayarwa ba, sannan a 2001 Sega ta daina ƙera Dreamcast baki ɗaya.

Da yawa daga masu komawa gare shi a yau sukan ajiye shi tun ba su yi nisa ba, suna cewa ya tsufa. A ganina abin da ya same su shi ne sun shigo da gaggawar wasannin zamani cikin wasan da aka gina shi a kan jira, da tambaya, da maimaita horo kullum. Wanda ya shirya wa wannan tun daga farko zai tarar daɗin yana nan inda ya bar shi.

Ka fara da zaɓen inda za ka buga. Hanya mafi sauƙi ita ce haɗakar Shenmue I & II da aka fitar a watan Agusta na 2018 domin PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. Ba a sake zana komai ba, an dai wanke hoton an faɗaɗa shi, an ba ka damar adana wasa a duk inda kake, an kuma ƙara zaɓi tsakanin muryoyin Japananci da na Turanci. Damar adanawar nan ba ƙaramar rahama ba ce ga wanda ake iya ɗauke masa wuta a tsakiyar wasa, domin a da sai ka koma ɗakin Ryo kafin ka yi cikakken adani. Wanda yake da tsohuwar Dreamcast mai aiki da fayafayanta na asali zai fi samun ainihin ɗanɗanon wancan lokaci, amma ya sani cewa idon da ke karanta faifai a na'urorin nan ya tsufa, kuma kashi na biyu a kan Dreamcast Japan da Turai kaɗai ya fita, Amurka sai a kan Xbox ta same shi a 2002. Game da murya, ina ba da shawarar Japananci da fassarar rubutu a ƙasa, domin mutanen unguwar sun fi zama mutane da harshensu. Wanda kuwa muryoyin Turancin ne ya girma da su, kuma su ne abin da yake kewa, to ya bar su yadda suke. Kwamfuta ma idan da ita za ka buga, ka nemi hannun gem, domin madannan rubutu ba su dace da faɗan nan ba.

Labarin yana buɗewa ranar 29 ga Nuwamba, 1986, lokacin da Ryo, saurayi ɗan shekara 18, ya dawo gida ya tarar wani Basine mai suna Lan Di yana dukan mahaifinsa Iwao a ɗakin horo, har ya kashe shi ya tafi da Madubin Dragon. Zuciya za ta ce ka fita da gudu neman fansa. Kada ka yi haka a ranar farko. Ka zagaya gidan Hazuki ɗaki bayan ɗaki, ka jawo aljihunan tebur, ka buɗe kabad, ka ɗauki abubuwa ka juya su a hannu, domin wannan shi ne abin da ya girgiza mutane a 1999, kuma a nan ne ake ɓoye tunanin Ryo game da mahaifinsa. Idan ka duba abincin da ke kan teburi, za ka ga Ryo yana yaro yana ture karas gefe, mahaifin yana tuna masa wahalar manomin da ya shuka shi. Idan ka tsaya a gindin bishiyar da ke tsakar gida, za ka ga ranar da ake koya masa bugun gwiwar hannu. Wanda ya tsallake waɗannan zai yi ta farautar Lan Di alhali bai san wanda aka kashe ba.

Daga nan sai ka saba da agogo. Ryo yana tashi da safe, Ine-san mai kula da gidan tana ajiye masa yen 500 kullum a bakin ƙofa, shaguna suna buɗewa suna rufewa a kan lokacinsu, mashaya ba sa cika sai dare, kuma ƙarfe 11:30 na dare wasan zai mai da kai gida ko kana so ko ba ka so. Babu alamar da ke nuna maka hanya a kan allo. Abin da kake da shi shi ne ɗan littafin da Ryo yake rubuta abin da ya ji, da taswirorin da aka kafa a bakin titi, da bakinka. Ka tambayi kowa a Yamanose da Sakuragaoka da Dobuita, ka kuma lura da wanda ya fi sanin me: tsofaffin unguwa sun san wanda ya ga baƙar mota, Tom mai sayar da abinci a mota ya san baƙin da ke yawo, Nozomi a shagon furanni ta san halin da Ryo yake ciki fiye da shi kansa. Lokacin da bincike ya kai ka ga neman Sinawan garin, za a ambata maka sana'o'i uku masu kaifi, wato wuƙar mai dafa abinci da almakashin tela da askar wanzami, waɗanda baƙin Sin suka rayu da su a Japan. Ka bi wannan zaren da kanka, kada ka buɗe intanet neman amsa, domin gano hanyar shi ne rabin wasan. Titin Dobuita kuwa yana nan a zahiri a Yokosuka, kusa da sansanin sojojin ruwan Amurka, shi ya sa matuƙan jirgin ruwa suka cika mashayarsa a cikin labarin.

A kashi na farko babu yadda za ka tura lokaci gaba. Idan aka ce ka dawo gobe da ƙarfe biyu, to sai goben, kuma a nan ne masu gaggawa suke karaya. Wannan jiran shi ne lokacin horonka, kuma a kansa ya kamata ka fi tsayawa. Ka shiga filin ajiye motoci na Dobuita ko ɗaya daga cikin ƙananan wuraren shaƙatawa na unguwa, ka zaɓi salo biyu ko uku ka yi ta maimaita su, domin kowane salo yana da ma'aunin da ke cika da yawan yi, kuma wanda ya cika ya fi ƙarfi da kyan fita. Kada ka rarraba ƙoƙarinka a kan dukan jerin. Naushi ɗaya mai sauri, da shuri ɗaya mai share mutane da yawa, da bugun gwiwar hannu sun ishe ka tafiya mai nisa. Kayarwa ba ta koyuwa sai da abokin karawa, saboda haka duk ranar da Fuku-san, almajirin mahaifin Ryo, ya yarda ya kara da kai a ɗakin horo, ka yi amfani da ita wajen kamu da jifa. Kafin ka kwanta kuma kana iya saita ɓangaren da Ryo zai fi mai da hankali a kai. A shagon kayan tarihi na Bunkado ana sayar da naɗaɗɗun takardun sabbin salo, amma mafi daraja su ne waɗanda mutane suke koya maka hannu da hannu: dattijo Yamagishi a wurin shaƙatawa, da Tom kafin ya bar ƙasar, da tsohon da ke kwana a tashar jiragen ruwa, da Guizhang da mahaifinsa Chen, Sinawan da suke taimaka wa Ryo a bincikensa. Wasu daga cikinsu sai ka neme su a lokacin da ya dace, in ka wuce shi ke nan. Wasan yana tafiyar da kai ne kamar ɗan koyo a maƙera, wanda yake daɗewa a kan zuga kafin a miƙa masa guduma, kuma ladan wannan haƙurin yana fitowa a fili a daren da za ka fuskanci mutum 70 na ƙungiyar 'yan daba ta Mad Angels a tashar jiragen ruwa, kai da Guizhang kaɗai.

Sauran lokacin da ya rage ka kashe shi yadda mazaunin unguwa zai yi. Akwai gidan gem a Dobuita inda za ka buga Space Harrier da Hang-On, wasannin da Suzuki ya yi a 1985, da injin gwada saurin hannu wanda zai taimake ka a wuraren da alamar madanni take bayyana kwatsam a tsakiyar gudu ko faɗa. Akwai kuma 'yar kyanwa marainiya a wurin bautar Yamanose, wadda wata yarinya mai suna Megumi take reno a kwali. Ka ba ta busasshen kifi a karon farko, ka riƙa leƙa ta da madara. Kada tsoron ƙurewar lokaci ya dame ka, domin wa'adin labarin sai tsakiyar Afrilu na 1987, kuma da wuya mai wasa ya kai can ko da yana tafiya a hankali. Jinkirin ma yana da riba, tunda za ka ga an ƙawata titi lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara.

Aikin tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa shi ne inda ra'ayi ya fi rabuwa. Ka karanta taswirar hanyar kowace rana kafin ka ɗaga akwatin farko, ka jera akwatunan daga can ƙuryar sito domin kada ka toshe wa kanka ƙofa, ka kuma cika adadin da aka yanka maka domin a ƙara maka lada. Tseren motocin ɗaga kaya da ake yi da safe ba dole ne ka ci ba. Da zarar ka fara aikin nan lokacin yawo ya ragu sosai, saboda haka ka gama harkokinka na unguwa tun kafin ka karɓe shi.

Idan ka kammala, ka ɗauki adaninka zuwa Shenmue II na 2001, domin kuɗinka da salon da ka ƙware da tarkacen da ka tara duk za su bi ka Hong Kong, inda Ryo ya bi sawun Lan Di. Sai dai da saukarka a tashar Aberdeen ta can, ba da jimawa ba wasu yara za su fizge jakarka, kuma ko ka ƙwato ta kuɗin sun tafi. Dabarar da tsofaffin 'yan wasa suke yi ita ce su kashe kuɗin tun a bakin tasha wajen sayen laita da ƙananan kayan wasa, daga baya su sayar a shagunan jingina. A nan gari ya fi girma, ana sayen taswira, mutane sukan raka ka inda ka tambaya, kuma an ba ka damar tura lokaci gaba. Ka yi amfani da ita da ƙima. Teburan caca sun cika tituna, amma wanda bai son su yana iya ɗaukar akwatuna a tasha ya tara abin da yake bukata, har da dala 500 ta Hong Kong da ake nema kafin a sada shi da Ren, shugaban wata ƙungiyar 'yan daba.

Zuciyar wannan kashi tana unguwar Wan Chai, inda Ryo yake neman ƙa'idoji huɗu na ɗabi'ar mai faɗa daga bakin malamai huɗu. Ka natsu sosai a shagon wanzamin nan da zai ɗora maka aska a maƙogwaro ya ce kada ka motsa. Alamar madanni za ta haska a allo, hannunka da ya saba amsawa zai so ya danna, kuma cin jarrabawar shi ne ka ƙi dannawa. Bayan haka Xiuying, malamar haikalin Man Mo, za ta sa ka fitar da littattafai shan iska kowace safiya, ta kuma sa ka cafke ganyen da ke faɗowa daga bishiya. Wajen cafkar ganyen ka zuba wa guda ɗaya ido ka bi shi, ka jira har sautin kewaye ya lafa kafin ka danna. Ita ba ta yarda da fansar da Ryo yake nema ba, kuma ta fi shi gaskiya, abin da mai wasa yakan fi ganewa idan ya dawo wa labarin da shekaru a kansa.

A Kowloon ka riƙa adana wasa kafin ka hau katakan da aka gitta a benen da ya ruguje, domin kuskure ɗaya yana mai da kai baya da nisa. Sashen ƙarshe a Guilin ta ƙasar Sin kuwa tafiya ce doguwa cikin daji tare da wata budurwa mai suna Shenhua, kusan babu faɗa, sai hira. Ka ware masa zama guda, ka yi mata duk tambayoyin da aka ba ka.

Labarin kashi na biyu ya tsaya ne a wani kogo, kuma daga nan masoya sun jira shekara 18. A 2015 mutum sama da 69,000 suka tara fiye da dala miliyan 6 a shafin tara gudunmawa na Kickstarter, sannan Shenmue III ya fito ranar 19 ga Nuwamba, 2019, a PlayStation 4 da kwamfuta. Kada ka fara da shi, ko da yake yana ɗauke da taƙaitaccen bidiyon abin da ya gabata. Ka shige shi da sanin cewa faɗansa ya sauya, ƙarfin Ryo yana raguwa da gudu har sai ya ci abinci, kuma ba za ka iya manyan abokan gaba ba sai ka yi horon tsayuwar doki da gajeren naushi a jikin gunkin katako. Ka faskara itace, ka tsinci ganyayen magani a ƙauyen Bailu ka sayar, ka cika jakarka da abinci kafin kowace karawa. Ka kuma sani tun yanzu cewa labarin Lan Di bai ƙare a wannan kashi ba, saboda haka ka bar adaninka na ƙarshe a ajiye.