Yadda Ake Murza Tsoka Da Miƙa Jiki Ba Tare Da An Jawo Wa Kai Rauni Ba

Yawancin masu fara motsa jiki da nake gani, da isowarsu fili sai su kama ƙafa ɗaya su lanƙwasa ta baya, su sunkuya su taɓo yatsun ƙafa, shi ke nan wai sun yi rigakafin rauni. Wasu kuma sun sayi rola, wato gungumen roba mai tauri da ake hawa ana mirginawa, suna ta gana wa cinyarsu azaba da sunan warware tsoka. Duka biyun suna da amfani, sai dai an ɗora musu aikin da ba nasu ba, kuma in aka yi su a lokacin da bai kamata ba, ɓarna suke yi. Ga yadda nake sa mutane su bi abin.

Fara da sanin abin da kake nema

Miƙa tsoka kafin atisaye ba ya kare mutum yadda aka daɗe ana faɗa. A shekarar 2000 an wallafa wani gwaji da aka yi da kuratan sojan Ostareliya su 1,538. An raba su gida biyu, wasu suna miƙa tsokokin ƙafa lokacin ɗumama jiki, wasu ba sa yi, har tsawon mako 12 na horo. Da aka ƙirga raunukan, bambancin bai taka kara ya karya ba. A 2014 kuma masu bincike a Kofanhagen, babban birnin Denmark, suka haɗa gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum sama da 26,000. Miƙa tsoka bai rage rauni ba, atisayen ƙarfafa tsoka kuwa ya mayar da raunukan wasanni ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. To ka riƙe wannan: rola da miƙa jiki aikinsu sakin gaɓoɓi, rola kuma tana ɗan rage tsamin jiki. Kariyar tana mataki na ɗaya da na huɗu.

Mataki na ɗaya: ɗumama jiki da motsi

Yi sassarfa ta minti 5 zuwa 10 har zufa ta fara tsattsafo maka. Daga nan sai miƙa ta motsi: ka wurga ƙafa gaba da baya, ka yi gudu kana ɗaga gwiwa, ka yi tafiya da dogon taku kana durƙusawa. Kada ka tsaya cak kana jan tsoka ɗaya kafin wasa, domin in riƙon ya wuce sakan 60, ƙarfin tsokar yakan ragu na ɗan lokaci, daidai lokacin da kake bukatarsa. In ƙwallon ƙafa kake yi, nemi tsarin ɗumama jiki na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya mai suna FIFA 11+, minti 20 ne kawai. Da aka gwada shi a Norwe da 'yan mata 'yan ƙwallo kusan 1,900, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Mataki na biyu: murza tsoka

A nan ne mutane suke cutar da kansu, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kowace tsoka tana lulluɓe da wani farin tantani mai ƙarfi, irin wanda ake gani a jikin tsoka in an feɗe dabba. Masu tallar rola suna cewa tantanin nan ne yake ƙullewa, kuma in ka danne shi da ƙarfi za ka farfasa ƙullin. Wannan magana ita ce ta sa yara suke cije haƙora a kan rola har hawaye. Tantanin da ke gefen cinya da na tafin ƙafa sun fi ƙarfin nauyin jikinka, dannar da za ta sauya musu siffa ta wuce abin da mutum zai iya yi wa kansa. Abin da ya fi yin aiki shi ne jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa: dannar tana sa jiki ya rage jin ciwo ya ƙyale tsokar ta saki. Shi ya sa aka ga in mutum ya murza ƙafa ɗaya, ɗayar da bai taɓa ba ma takan ɗan saki. Tunda haka abin yake, azaba ba ta ƙara maka komai. Tsokar da ake azabtarwa ɗaurewa take yi.

Mu ɗauki sharaɓa. Zauna a ƙasa, ka miƙe ƙafa, ka sa rola ƙarƙashin sharaɓar, sama da agara kaɗan. Dafa ƙasa da hannu biyu ta bayanka, ka ɗan ɗaga mazaunai. Ɗayar ƙafar ta tsaya a ƙasa, da ita za ka riƙa rage nauyi ko ƙara shi. Yanzu mirgina a hankali zuwa sama, ka tsaya kafin ka kai ramin bayan gwiwa, ka dawo. A hankali nake nufi, tafiya ɗaya ta ci kamar sakan 4 ko 5. In ka ci karo da wurin da ya fi zafi, tsaya a kai kamar sakan 20 kana sauke numfashi, ka ɗan juya ƙafar dama da hagu, ka wuce. Sakan 30 zuwa 60 ya ishi tsoka ɗaya, in ta yi yawa minti 2. Haka za ka yi wa gaban cinya kana rub da ciki, da bayan cinya, da mazaunai, da saman baya tsakanin kafaɗu.

Ma'aunina ɗaya ne: in ba za ka iya yin numfashi daidai ko ka amsa magana ba, dannar ta yi yawa, rage. In ka wayi gari da tabon tarin jini, ka wuce gona da iri.

Akwai wuraren da ban yarda a murza ba ko kaɗan: kan ƙashi, kan gwiwa da ramin bayanta, wuya, da ƙasan baya inda babu haƙarƙari. Gefen cinya ma ka ƙyale shi. Zafi ne tsagwaronsa, riba kaɗan. In nan ne yake damunka, murza mazaunai da gaban cinya, ka ƙarfafa tsokokin ƙugu.

Babban kuskuren kuwa shi ne murza sabon rauni. Dole ka bambance tsami da tsagewa. Tsamin jiki yakan fara washegari, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, ya mamaye tsokar gaba ɗaya, sau da yawa a ƙafa biyu, kuma yana sauƙi in ka motsa. Tsagewar tsoka kuwa nan take ake jin ta, ana cikin gudu sai a ji kamar an fizge wani abu, kuma za ka iya nuna wurin da yatsa ɗaya. Na ga saurayin da bayan cinyarsa ya tsage a fili, da dare ya hau rola yana neman warwarewa, gari ya waye cinyar ta kumbura ta yi baƙi har zuwa gwiwa, taka ƙafar ma ya gagara. Tsagewa, ko targaɗe, ko bugun gwiwar wani a cinya, babu murzawa babu ja a kwanakin farko. Matsa wa cinyar da aka buga lamba na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsokar. In kuma sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo ba tare da ka bige ba, kada ka taɓa ta, ka tafi asibiti a ranar, domin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kuma murzawa na iya ɓalle shi ya tafi huhu. Masu kumburarrun jijiyoyin ƙafa, da masu laushin ƙashi, da masu shan maganin tsinka jini, su tambayi likita tukuna.

Maganar saye: rola mai santsi mai araha ta wadatar. Mai ƙayoyin nan ba ta sabon shiga ba ce, injin bugun tsoka ma ba dole ba ne. Ƙwallon tanis ya ishi tafin ƙafa da mazaunai.

Mataki na uku: miƙa bayan atisaye

Yanzu ne lokacin tsayawa cak, jiki na da ɗumi. Ja tsokar har ka ji ta miƙe ba tare da zafi ba, ka riƙe sakan 10 zuwa 30, ka maimaita har jimillar ta kai kamar sakan 60. Babu fizga, babu lilo. Sau 2 ko 3 a mako ya isa gaɓoɓi su riƙa sakewa. Amma kada ka sa ran zai hana ka tsami gobe, nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ta fitar a 2011 ya nuna ragin bai kai abin da mutum zai ji a jikinsa ba. In tsamin ne damuwarka, rola bayan atisaye da washegari ta fi, ko da yake ita ma sauƙin kaɗan ne.

Mataki na huɗu: ƙarfafa tsoka

Wannan shi ne wanda ake tsallakewa. Ga bayan cinya, yi atisayen Nodik: ka durƙusa, wani ya danne maka idon sawu, ka tafi gaba a hankali jikinka a miƙe, in ka kasa riƙewa ka tare da hannu. Nazarin da aka haɗa a 2019 ya nuna yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi. Makon farko zagaye 2 na sau 5, rana ɗaya kawai, don yana sa tsami sosai. Haɗa da tsugunne-tashi, ɗaga dunduniya, da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ƙara nisan gudu ko nauyi kaɗan-kaɗan, ka sami isasshen barci, kuma duk ciwon da ya wuce mako ɗaya bai fara sauƙi ba, kai shi wurin likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi da tsoka, ya duba.